Yadda Ake Haɗa Kayan Da'ira da Sawayensu a KiCad, a Kuma Adana Aikin Yadda Ba Zai Salwanta Ba

Duk wanda ya zana da'irar lantarki a manhajar KiCad da nufin a buga masa allon da zai jera kaya a kai, sai ya bi ta wani mataki da ke tsakanin zanen da allon, wato matakin da ake gaya wa manhajar irin jikin da kowane kaya yake da shi. A zane, rizista alama ce kawai mai ƙafa biyu, ba ta da tsawo, ba ta da kauri. A kan allo kuwa, dole a san ko ramuka za a huda mata, ko kuwa manna ta za a yi da dalma a saman tagulla, kuma a san milimita nawa ne tsakanin ƙafafunta. Wannan gurbi da kayan zai zauna a kai shi ne manhajar ke kira Footprint, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa sawu. Sashen manhajar da ke haɗa kowace alama da sawunta sunansa na asali CvPcb, kuma a yau ana samunsa a cikin editan zane, ƙarƙashin Tools, da sunan Assign Footprints.

Haɗawar kanta ba ta da wuya. Inda ake tafka asara shi ne wajen adanawa, domin zaɓin da ka yi a wannan taga yana ratsa zango uku kafin ya tabbata: da farko yana cikin tagar haɗa sawaye ita kaɗai, daga nan ya shiga zanen da ke buɗe a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan a ƙarshe ya sauka cikin fayil a rumbun ajiya. Zango na ukun ne kaɗai ke tsira idan aka ɗauke wuta ko manhajar ta tsaya cak. Bayan waɗannan ma akwai allon da'irar, wanda ke riƙe da nasa kwafin daban.

Akwai dalilin da ya sa abin yake rikita mutane. Jean-Pierre Charras ya fara KiCad a shekarar 1992 a birnin Grenoble na Faransa, kuma shekaru da dama CvPcb manhaja ce mai zaman kanta, wadda take karanta jerin haɗe-haɗen da'ira daga fayil, ta kuma rubuta zaɓin sawaye a wani fayil nata mai ƙarshen suna .cmp. A wancan zamani, idan ka adana a CvPcb to ka adana ke nan, domin fayil ya sauka a rumbu. Daga siga ta 4, wadda ta fito a 2015, sai aka mayar da ita ƙarƙashin editan zane, ta daina riƙe ajiyar kanta, ta koma miƙa zaɓin ga zanen. Darussa da yawa da ke intanet tun na wancan tsohon tsari ne, shi ya sa za ka ji ana maganar fayil ɗin .cmp alhali kai ba ka taɓa ganinsa a foldar aikinka ba. Bayanin da ke tafe ya dace da siga ta 6, ta ƙarshen 2021, da waɗanda suka biyo bayanta.

Mataki na ɗaya: kammala zanen, ka adana shi tun kafin ka buɗe tagar

Tabbatar kowace alama tana da lambarta, wato R1, R2, C1, U1 da sauransu, babu wadda ta rage da alamar tambaya a gaban harafinta. Sababbin sigogi suna raba lambobin da kansu yayin da kake ɗora alamomi, amma idan akwai wadda ta kuɓuce, umarnin Annotate Schematic zai cike giɓin. Bayan haka sai ka danna Ctrl da S a editan zane. Wannan adanawar ta farko tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma dalilin zai fito a mataki na huɗu: so ake ka shiga aikin sawaye da zane mai tsabta, wanda abin da ke fuskar kwamfuta daidai yake da abin da ke cikin fayil, yadda duk canjin da zai biyo baya na sawaye ne zalla.

Mataki na biyu: san kayan da za ka saka a zahiri

Bai kamata a zaɓi sawu da ka ba. Idan kayan suna hannunka, auna su da abin awon milimita. Idan ba su iso ba, nemi takardar bayanin da kamfanin da ya ƙera su ya fitar. A ɗauki misalin ƙaramar da'ira mai sa fitila ƙyaftawa, wadda aka gina kan sanannen aisin nan NE555 (aisi, wato IC, ɗan guntu ne mai ɗauke da da'ira a cikinsa). Wannan aisi yana zuwa da jiki iri biyu da aka fi sani: mai ƙafafu takwas da ake cusawa a ramuka, wanda tazarar ƙafafunsa milimita 2.54 ce, faɗin da ke tsakanin layukan biyu kuma milimita 7.62, da kuma ƙarami na mannawa wanda tazarar ƙafafunsa milimita 1.27 ce. A zane alamarsu ba ta nuna girman jiki, a allo kuwa ɗaya ba zai zauna a gurbin ɗaya ba.

Haka abin yake ga kafasita mai ruwa, wadda faɗin gwangwaninta da tazarar ƙafafunta ke canzawa bisa ga ƙarfin wutar da take iya jurewa, ko da ƙimar da aka rubuta a jikinta ɗaya ce. Tiranzista ma akwai tarko a cikinta: BC547 da 2N3904 jikinsu ɗaya ne, wato TO-92, amma jerin ƙafafunsu kishiyar juna ne, domin ƙafar da take kolekta a wannan ita ce emita a waccan. Wanda zai sayi kaya a kasuwa, inda abin da ka samu shi za ka ɗauka, gara ya sayo tukuna sannan ya zaɓi sawu.

Mataki na uku: buɗe tagar, ka haɗa

Tagar ta kasu gida uku. A hagu akwai jerin ma'ajiyoyin sawaye, a tsakiya jerin kayan da ke zanenka da lambobinsu da ƙimarsu, a dama kuma sawayen da za ka zaɓa daga ciki. Sawayen da ke zuwa tare da KiCad dubbai ne, don haka a saman tagar an tanadi matatai: ɗaya yana nuna sawayen da mai alamar ya riga ya ce sun dace da ita, ɗaya yana tacewa bisa yawan ƙafafu, ɗaya yana taƙaita nema a cikin ma'ajiyar da ka zaɓa a hagu, sannan akwai gurbin rubuta kalma. Idan gefen dama ya zama wayam, yawanci matatai ne suka yi yawa suka toshe komai, sai ka kashe ɗaya daga ciki.

Zaɓi kaya a tsakiya, ka nemo sawunsa a dama, ka latsa sau biyu a jere. Sunan sawun zai bayyana a gaban kayan, zaɓin kuma ya sauka kan na gaba. Ga da'irarmu ta misali, U1, wato aisin NE555, zai karɓi DIP-8_W7.62mm daga ma'ajiyar Package_DIP, fitilar ta karɓi LED_D5.0mm daga LED_THT, rizistocin kwata wat kuma su karɓi ɗaya daga cikin sawayen R_Axial_DIN0207 da ke Resistor_THT, misali mai tazarar milimita 10.16. Idan kaya da yawa sawu ɗaya za su ɗauka, riƙe Ctrl ka zaɓe su gaba ɗaya, ka haɗa su a lokaci guda. Kafin ka amince da sawun da ba ka saba da shi ba, buɗe shi a tagar dubawa ka ga lambobin ƙafafunsa, ka kwatanta da takardar kamfani.

A lura da sunayen ƙananan kayan mannawa, domin lamba ɗaya tana iya nufin girma biyu. R_0805_2012Metric yana ɗauke da awo biyu ne a sunansa: 0805 da awon inci, 2012 da awon milimita, wato kusan tsawon milimita 2.0 da faɗin 1.25. Abin da ake kira 0603 da awon inci, milimita 1.6 ne tsawonsa, ana iya manna shi da hannu idan an natsu. Amma 0603 da awon milimita ƙwaya ce da ido ke gani da ƙyar.

Mataki na huɗu: maɓallai uku, da iyakar abin da kowanne ke yi

Duk abin da ka haɗa zuwa yanzu yana zango na farko. Zanen bai san da shi ba, fayil bai san da shi ba. Lamarin ya yi kama da mai shago da ya rubuta bashin wani a tafin hannunsa: rubutun yana nan, amma kafin ya shiga littafi, wanke hannu ɗaya ya ishe shi ya tafi. A ƙasan tagar akwai maɓallai uku da ke yanke hukuncin inda aikin zai nufa.

Cancel yana rufe tagar ba tare da an miƙa wa zanen sabon zaɓin ba. Idan akwai canjin da ba a miƙa ba, watsar da shi zai yi, don haka bai kamata a danna shi da gaggawa ba.

OK yana miƙa zaɓin ga zanen, ya cika gurbin Footprint na kowace alama, sannan ya rufe tagar. Iyakarsa ke nan. Bai taɓa fayil ba. Idan ka dubi saman tagar editan zane za ka ga alamar tauraro a jikin sunan aikin, wadda ke nuna cewa akwai canjin da bai sauka a rumbu ba. Wanda ya danna OK, ya tashi ya tafi salla ko cin abinci, ya dawo ya tarar batirin kwamfuta ya ƙare, yana iya samun kayansa sittin duk sun koma babu sawu. Saboda haka OK yana da aboki wanda ba sa rabuwa, wato Ctrl da S a editan zane, nan take bayan tagar ta rufe.

Na ukun shi ne mai dogon suna, Apply, Save Schematic & Continue. Wannan yana miƙa zaɓin ga zanen, ya sa editan zane ya rubuta fayil, ya kuma bar tagar a buɗe domin ka ci gaba. Shi kaɗai ne cikin ukun yake kai aikin zango na uku. Idan da'irar babba ce, a riƙa danna shi bayan an gama kowane rukuni, misali bayan rizistoci, bayan kafasitoci, bayan mahaɗai. Sai dai a san cewa abin da yake adanawa zanen ne baki ɗaya, ba sawaye kaɗai ba. Idan kafin ka buɗe tagar ka goge wani ɓangare na da'irar don gwaji, da niyyar rufewa ba tare da adanawa ba, to wannan maɓalli zai tabbatar da gogewar a cikin fayil tare da sawayen. Wannan shi ne dalilin adanawar da aka yi a mataki na ɗaya.

Wasu suna ganin rashin dabara ne a ce OK ba ya adanawa, kuma ƙorafin nasu abin saurare ne, tun da kalmar tana sa mutum ya ji kamar an gama. A ganina dai tsarin da aka zaɓa shi ne daidai. Tun da tagar haɗa sawaye ba ta da fayil nata, matsayinta ɗaya da kowace taga da ke gyara bayanin alama, kuma babu wanda ke tsammanin canza ƙimar rizista daga 10k zuwa 4.7k zai rubuta fayil da kansa. Mai zanen shi ya kamata ya yanke lokacin da canji zai tabbata. Da a ce OK yana adanawa a ɓoye, da ya riƙa binne gwaje-gwajen da mutum bai yi niyyar ajiyewa ba, kuma wannan ɓarna ta fi wuyar ganowa, domin sawun da ya ɓace ana ganin gurbinsa fanko, amma wayar da aka goge aka adana ba ta barin alama. Abin da ake buƙata daga irin wannan taga shi ne kowane maɓalli ya faɗi iyakarsa a sunansa, kada a rufe ta da canji a ciki ba tare da tambaya ba, kuma a iya janye abin da ta miƙa. Na ƙarshen yana samuwa: bayan OK, danna Ctrl da Z a editan zane yana mayar da gurabun sawaye yadda suke a da.

Mataki na biyar: tabbatar aikin ya sauka

Shaida ta farko ita ce ɓacewar alamar tauraro daga saman editan zane. Ta biyu ita ce teburin bayanan alamomi, wanda ake buɗewa da Edit Symbol Fields ƙarƙashin Tools, inda za ka ga dukkan kaya a jere tare da ginshiƙin Footprint; duk gurbin da yake fanko zai fito fili. A nan ma ana iya gyara sawu, kuma hukuncinsa ɗaya ne da na OK, wato yana shiga zane ne kawai har sai ka adana.

Wanda yake son ya gani da idonsa yana iya buɗe fayil mai ƙarshen suna .kicad_sch da manhajar rubutu irin Notepad, domin rubutu ne zalla. Ya nemi kalmar Footprint, zai ga a gabanta suna mai kashi biyu da ɗigo biyu a tsakani, kamar Package_DIP:DIP-8_W7.62mm. Kashin farko laƙabin ma'ajiya ne, na biyu sunan sawu. A duba kawai, a rufe ba tare da an taɓa komai ba. Abin lura a nan shi ne zanen suna kawai yake riƙewa, ba ya ɗauke da siffar sawun kanta, kuma wannan yana da sakamako da za a zo kansa a mataki na bakwai.

Mataki na shida: kai aikin kan allo

Danna F8, ko ka zaɓi Update PCB from Schematic. Taga za ta fito da jerin abubuwan da za a yi, kuma ya kamata a karanta jerin kafin a amince, musamman layukan kuskure da ke cewa wani kaya ba shi da sawu ko ba a sami sawunsa a ma'ajiya ba. Bayan sawayen sun sauka a editan allo, shi ma yana da nasa fayil mai ƙarshen suna .kicad_pcb, da nasa Ctrl da S. Adana zane ba ya adana allo, adana allo ba ya adana zane. Kuma idan editocin biyu suna buɗe, F8 yana ɗaukar abin da ke cikin zanen da ke buɗe ne, ko an adana ko ba a adana ba, don haka yana yiwuwa a wayi gari allo yana da sawaye cif, zane kuwa fanko, saboda an adana ɗaya an manta da ɗaya.

Akwai wata matsala da ta fi wannan yawan faruwa. Kana tsakiyar jera kaya a allo, sai ka ga gurbin C1 ya yi ƙanƙanta, ka canza sawun a nan cikin editan allo, ka adana, ka ci gaba da jan layukan tagulla. Zanen har yanzu tsohon suna yake riƙe da shi. Ranar da ka sake danna F8, idan zaɓin da ke maye gurbin sawayen allo da na zane yana kunne, tsohon sawun zai dawo ya ture sabon, kuma ba lallai ka lura ba sai allon ya iso daga wurin bugawa. Mafita ita ce a ɗauki zane a matsayin uwar littafi: a yi canjin a can, sannan a kawo shi allo. Idan kuwa an riga an yi a allo, tun daga siga ta 6 akwai umarnin Update Schematic from PCB, wanda ke mayar da sabon sunan cikin zane, bayansa kuma sai a koma editan zane a adana. Kafin a fitar da fayilolin da za a aika wa masu bugawa, a kunna zaɓin gwada daidaiton allo da zane a cikin tagar DRC, wadda ke binciken kurakuran allo, shi zai nuna inda biyun suka saɓa.

Mataki na bakwai: sawun da ka ƙera da kanka, da abin da ke ceton aiki

Kayan da ake cirowa daga tsofaffin na'urori, da mahaɗai da taransifomomin da ba su da takarda, sau da yawa sai mutum ya zana musu sawu da kansa. Kada ka yi ƙoƙarin ajiye shi a ma'ajiyoyin da suka zo da manhajar, domin an kulle su daga rubutu, kuma sabunta manhaja yana iya share abin da aka ƙara. Ƙirƙiri ma'ajiya taka a cikin foldar aikin, wadda za ta zama folda mai ƙarshen suna .pretty, kowane sawu kuma fayil ne mai ƙarshen suna .kicad_mod a cikinta. Idan manhajar ta tambaye ka teburin da za a yi mata rajista, zaɓi na wannan aikin, ba na kwamfutar gaba ɗaya ba. Wannan zai rubuta wani ɗan fayil mai suna fp-lib-table a foldar, wanda ke nuna hanyar ma'ajiyar ta amfani da kalmar KIPRJMOD, mai wakiltar duk inda foldar aikin take. Da haka, idan ka kwafe foldar zuwa wata kwamfuta ko ka tura wa abokin aiki, sunan da ke cikin zane zai sami sawunsa. Idan kuwa ma'ajiyar tana wani lungu na kwamfutarka kaɗai, shi zai buɗe ya ga sunan yana nan amma manhajar ta ce ba ta san shi ba.

KiCad tana da adanawa ta kai tsaye da ke gudana bayan wasu mintuna, ana kuma iya rage tazarar a cikin Preferences. Wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ko batirin kwamfutarsa ya tsufa, ya kamata ya rage. A sigogi na 6 zuwa 9, tana ajiye kwafin ne a fayil mai farawa da _autosave-, kuma idan manhajar ta rufe ba shiri, takan tambaye ka ko za a dawo da shi yayin buɗewa ta gaba. Amma abin da ke cikin editan zane take kwafa, don haka zaɓin da ke zaune a tagar haɗa sawaye wanda ba a miƙa ba, ba ya cikin lissafinta. A waɗannan sigogi akwai kuma foldar da ke ɗauke da sunan aikin tare da -backups a ƙarshe, inda ake tara tsofaffin kwafi a dunƙule cikin fayilolin zip masu kwanan wata da lokaci. Idan ka adana abin da ba ka yi niyya ba, can za ka je: kwance kwafin a wata folda daban, ka buɗe ka tabbatar shi ne wanda kake nema, kafin ka maye gurbin na yanzu.

Idan aikin na mutum biyu ne ko fiye, a daidaita tun farko kan sigar da kowa zai yi amfani da ita, domin fayil ɗin da aka adana da sabuwar siga, tsohuwa ba ta iya buɗe shi. Wanda yake da siga ta 8 ya karɓi aikin da aka yi da ta 7, ya buɗe don ya gyara sawu ɗaya tak ya danna maɓallin nan mai dogon suna, to ya mayar da zanen gaba ɗaya zuwa sabon tsari, mai aikin kuma ba zai sake iya buɗewa ba sai ya sabunta tasa manhajar ko ya koma kan kwafin da ke foldar ajiya.